Yadda Ake Killace Sabon Macijin Kiwo a Kwana 90 na Farko

Tambayar da masu sha'awar kiwon maciji a Kaduna suka fi yi ita ce: na samo shi, yau zai kwana a gidana, ina zan sa shi? Wasu kuma sai bayan sati biyu suke tambaya, lokacin da ya ƙi cin abinci ko aka ga wasu baƙaƙen ƙwari suna yawo a jikinsa. Amsar duka ɗaya ce. Sabon maciji ba ya shiga kejinsa na dindindin, kuma ba ya kusantar wata dabba, sai ya yi zaman killacewa a cikin roba wadda babu komai a cikinta sai takarda, ruwa da maɓoya. Dalilin wannan talaucin kaya shi ne ka riƙa ganin duk abin da ya fito daga jikinsa. Alƙaluman da ke ƙasa na ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, domin ana samunta a yankinmu, kuma ita ta fi dacewa da mai farawa.

1. Tabbatar da abin da ke hannunka

Kafin maganar roba, ka san wane maciji ne. Ƙaramar mesa ba ta da dafi, jikinta santsi ne da sheƙi, tana da ƙananan ramuka a jere a leɓenta na sama, kuma babbarta ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Kasa ma gajera ce mai kauri, shi ya sa wanda bai saba ba yake rikita su, amma kan kasa faffaɗa ne, fatarta kaushi gare ta, kuma huci take yi da ƙarfi maimakon ta ɓoye kai. Kububuwa kuwa goga jikinta take yi da juna har ka ji ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

Gargaɗi: kada ka karɓi gamsheƙa, kasa ko kububuwa da sunan wai an cire haƙori. Haƙorin dafi yana sake fitowa. Ba a banza aka ware asibitin saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ba. Wannan jagorar ba ta shafi mai dafi ba ko kaɗan.

Ka tambayi mai sayarwa abu uku: a daji aka kamo shi ko a hannu aka ƙyanƙyashe shi, yaushe ya ci na ƙarshe, kuma me ya ci. Idan amsar ta zo da kame-kame, ɗauka na daji ne. Mesoshi duka suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma Nijeriya tana da dokar cinikin namun daji tun 1985, don haka ka nemi bayani a sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli kafin kuɗi ya fita daga aljihunka.

2. Kayan da za ka tanada

A haɗa komai kwana biyu kafin macijin ya iso, ba ranar da ya iso ba.

Robar ajiye kaya mai murfi, wadda ake ganin cikinta: lita 15 zuwa 20 ga ɗan ƙarami, lita 50 zuwa 60 ga babba. Faɗin ƙasa ake nema, ba tsawo ba. Ana samunta a layin 'yan roba na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Sai farar takarda ko tishu mai kauri, maɓoya biyu, kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba, shirif ko maƙalai guda huɗu zuwa shida na danne murfi, ma'aunin zafi da laima mai ɗan waya, shimfiɗar ɗumama ta lantarki da na'urar daidaita zafi, sikelin kicin mai auna giram, matsefata, doguwar hantsaki ta miƙa abinci, safar hannu, bilic, da littafin rubutu.

Roba, takarda da kwano ba su ne ke cin kuɗi ba. Na'urar daidaita zafi, ma'auni da abin da zai riƙe wuta idan NEPA ta ɗauke, su ne rabin kasafin ko fiye. Masu sayar da kayan injin ƙyanƙyasar ƙwai suna da ma'aunin laima da na'urar daidaita zafi, har da mai aiki da batir na bolt 12, kuma ita ce muka fi ba da shawara ga mai sola. Ka kuma ware kuɗin gwajin kashi sau biyu da na motar zuwa wurin likita tun yanzu.

Duk waɗannan kayan na wannan macijin ne shi kaɗai. Ka yi musu alama da maka.

3. Zaɓen ɗaki

Idan kana da wani maciji, ƙadangare ko kunkuru, ɗakin killacewa ya zama daban, mai ƙofa. Wani lungu na ɗaki ɗaya bai wadatar ba, saboda ƙumar maciji, wato baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jininsa, da ƙafarta take tsallaka ɗaki. Kada ya zama kicin, kada ya zama inda yara ke kwana, kada rana ta riƙa faɗowa kan robar ta taga, kuma ya yi nesa da janareta saboda hayaƙi da girgiza.

Gargaɗi: a wannan ɗakin an daina fesa filit, an daina kunna maganin sauro na hayaƙi, ba a zuba fiya-fiya ko Sniper. Abin da ke kashe kyankyaso yana taɓa jijiyoyin maciji. A sa raga a taga. Idan gidan yana da cinnaka ko kwarkwasa, a ɗora robar a kan tebur, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa.

Idan gidan haya kake, ka sanar da mai gida da maƙwabta tun da wuri. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mesar da ta ɓulla a tsakar gida ba tare da kowa ya san da ita ba, sanda ce za ta tarbe ta.

4. Haɗa robar

Wanke ta da sabulu, ka ɗauraye. Huda ramukan iska da ƙusa mai zafi ko ƙarfen gyaran rediyo, faɗin kowanne milimita 3 zuwa 4, a jere a saman bango biyu masu fuskantar juna. Ka huda daga ciki zuwa waje don kaifin robar ya tsaya a waje, in ba haka ba zai goge hancinsa har ya yi rauni. Fara da ramuka 10 zuwa 12 a kowane gefe. Ƙarawa ta fi toshewa sauƙi.

Shimfiɗa takarda ninki biyu ko uku. Ban da ƙasa, yashi, dusar katako ko ganye. Sa maɓoya ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi. Ƙaramar roba mai duhu da aka kife aka yanke mata ƙofa ta isa. Kwali ma yana yi idan za ka jefar da shi duk sati. Ƙwarya da kaskon ƙasa suna da kyau a kejin dindindin, amma a nan ƙwan ƙuma yana maƙalewa a cikinsu. Maɓoyar ta zama matsattsiya, wadda in ya naɗe jikinsa zai taɓa bangonta ta ko'ina. Mafi yawan masu farawa suna sayen babba don tausayi, alhali fili tsoro yake ba shi.

Gargaɗi: kada ka manna salatif ko wani abu mai gam a cikin robar. Yana kama fatar maciji ya ɗaye ta. Murfi kuma a danne shi da maƙalai ta kowane gefe. Dutse ko bulo a tsakiya ba ya hana kusurwa ɗagawa, kuma duk inda kansa ya wuce, jikinsa zai bi.

5. Zafi da laima

Nan ne aikin yake, kuma nan ne jagororin ƙasashen sanyi ba sa yi mana amfani kai tsaye. Abin da ake nema: ƙasan gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi 25 zuwa 27, da dare kada ya sauka ƙasa da 24. Laima kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, ta kai 70 lokacin saɓa. Shimfiɗar ɗumama tana zama a ƙarƙashin robar daga waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan kawai. Wayar na'urar daidaita zafi tana tsakanin shimfiɗar da gindin robar, wayar ma'auni kuma tana ciki, a kan takardar da ke ƙarƙashin maɓoya.

Gargaɗi: ba a haɗa shimfiɗar ɗumama da soket kai tsaye. Maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona shi a hankali, sai dai ka ɗaga shi ka ga cikinsa ya yi ja ya kumbura. Ƙwan fitila a cikin roba ma haka.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matsala biyu ce a haɗe: asuba tana sanyi sosai, iska kuma ta bushe ƙayau, laima takan faɗi ƙasa da kashi 20. Ka toshe rabin ramukan daga waje, ka matsar da kwanon ruwa kusa da gefen ɗumi, ka ƙara maɓoya ta uku mai jiƙaƙƙen tishu da aka matse a ciki. Ka ɗaga robar daga kan siminti ko tayil, ka sa katako ko kwali a ƙasa. Idan wuta ta ɗauke da dare, cika gora da ruwan zafi, naɗe ta da tawul, jingina ta a bangon gefen ɗumi daga waje, ka rufa bargo a kai amma ka bar ramukan gefe ɗaya a buɗe. Bayan awa uku zuwa huɗu a canza ruwan. Kada a shigo da kurfoti ko garwashi ɗakin.

Da bazara, Maris da Afrilu, labarin ya juya. Ɗakin kwano marar silin yakan kai digiri 35 ko fiye da rana, kuma zafi ya fi sanyi saurin kashe maciji, domin a cikin roba ba shi da ramin da zai gudu. Kashe ɗumamar gaba ɗaya, sauke robar ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, ƙara ramuka. Idan ma'auni ya haura 33, ɗora jiƙaƙƙen tawul a kan rabin murfin ka kunna fanka, ko ka jingina gorar ƙanƙara da aka naɗe a gefe ɗaya daga waje. Macijin da ya kwanta cikin kwanon ruwa yini guda, ko zafi ne ya dame shi ko ƙuma.

Da damina laima tana zuwa da kanta. Abin lura shi ne kada takarda ta zauna a jiƙe. Idan ka ga raɓa a bangon robar, iska ta yi kaɗan. Kwanciya a kan danshi shi ke kawo ruɓewar fatar ciki, wadda ke farawa da jajayen tabo ko masu ruwan ƙasa.

Ka bar robar tana aiki babu maciji na kwana biyu, kana karanta ma'auni da asuba, da azahar, da bayan isha'i.

6. Ranar ɗaukowa

Rigar filo ce jakar tafiya. Juya ta zaren ɗinkin ya koma waje, ɗaure bakin sosai, sa ta cikin kwali ko bokiti mai ramuka. Ban da but ɗin mota, ban da barin sa a mota a rufe ko na minti goma.

Da isowa, ka duba shi sau ɗaya, cikin minti biyar, a kan farar takarda. Shafa jikinsa da jiƙaƙƙen farin tishu daga wuya zuwa wutsiya ka ga ko akwai ɗigo baƙi ko ja. Duba kewayen ido, ramukan leɓe da ƙarƙashin haɓa. Duba baki ko akwai kumfa, majina ko kumburi. Juya cikinsa, duba dubura. Lafiyayye jikinsa a cike yake, yana riƙe hannu da ƙarfi, harshe na fita akai-akai. Wanda ƙashin bayansa ya fito kamar tudun kunya ya rame. Auna shi, rubuta giram da kwanan wata, sa shi a roba, rufe. Jakar da kwalin a ƙona su ko a ƙulle a leda a fitar.

Daga nan kwana bakwai ba taɓawa, ba abinci, ba kiran abokai su zo kallo. Ruwa kawai za ka canza, sai dai idan ka ga kaska ko ƙuma.

7. Kaska da ƙuma

Na daji da wuya ya zo babu kaska. Takan lafe tsakanin ɓawon fata har ta yi kama da shi. Kama ta da matsefata dab da fata, ja a hankali a miƙe ba murɗawa, sannan ka shafa aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri.

Ƙuma ta fi wahala. Girmanta kamar ɗigon biro, tana shan jini, kuma ba a jikin maciji take yin ƙwai ba, a lungunan roba da murfi take yi. Alamarta baƙaƙen ɗigo a gindin kwanon ruwa da wani farin gari a bayansa. Jiƙa shi a ruwa mai ɗumin digiri 28, zurfin rabin kaurin jikinsa, minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kai. Kafin ya fito ka wanke robar da komai nata, ka sa sabuwar takarda. Wanka yana rage manya ne kawai, ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki, don haka sai an haɗa da maganin da likitan dabbobi ya rubuta, kuma a ci gaba da sa ido har sati shida bayan ganin ta ƙarshe.

Gargaɗi: ban da kananzir, ban da baƙin mai, ban da maganin kaskar shanu ko hodar ƙumar kaji. Kuma idan likita ya ba da maganin ƙwari da tsutsa mai suna ivermectin, kada ya kusanci kunkuru, yana kashe shi.

8. Ciyarwa ta farko

Bayan kwana bakwai, da daddare, ɗaki shiru. Kaurin abincin kada ya wuce inda jikin macijin ya fi kauri, a karon farko ma ya ɗan gaza haka. Ɓeran kiwo fari shi ne daidai. Idan daskararre ne, a narkar da shi sarai, a sa shi a leda cikin ruwan ɗumi har jikinsa ya yi ɗumi, a miƙa da hantsaki. In bai kama ba, ajiye a bakin maɓoya, da safe ka cire, ka jira sati guda kafin ka sake. Miƙa masa kullum yana ƙara masa ƙi. Babbar mesar da aka kamo a daji takan yi wata biyu ko fiye ba ta ci ba, musamman da hunturu. Sikeli ne alƙali: idan nauyi bai ragu da kashi 10 cikin ɗari ba, a yi haƙuri. Kada a yi masa ɗura.

Gargaɗi mafi girma a wannan matakin: kada ka kama ɓeran gida ko na gona ka ba shi. Wataƙila ya ci guba, yana ɗauke da tsutsa, kuma ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani. Haɗarin a kanka yake da iyalinka. Kada kuma a bar ɓera mai rai ya kwana da maciji, yana cin naman bayansa.

Bayan ya ci, awa 48 ba taɓawa. Idan ya amayar, duba zafi tukuna, jira kwana 14, sannan ka ba shi ƙarami. Amai na biyu na likita ne.

9. Tsafta da gwajin kashi

Kullum ka fara da tsofaffin dabbobinka, sabon ya zo ƙarshe, sannan ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ruwan sha a canza duk kwana ɗaya ko biyu. Takarda a canza da zarar ta ɓaci. Duk sati a wanke robar da sabulu, a jiƙa ta da bilic mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa na minti 10, a ɗauraye har wari ya tafi, a shanya.

Gargaɗi: Dettol da Izal ba na kayan maciji ba ne, sinadarin da ke cikinsu guba ne gare shi. Kwanonsa kuma ba a wanke shi inda ake wanke-wanke. Kashin maciji yana ɗauke da ƙwayar salmonela, kuma mesoshin Afirka ta Yamma suna da wata tsutsar huhu da ƙwanta ke fita ta kashi da yawu, tana kama mutum. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu su nisanci aikin.

Kashin farko da ya yi, ɗebi baƙin da cokalin roba, ba farin da ke kama da alli ba, wannan fitsarinsa ne. Ƙulle a leda biyu, sa a sanyi amma kada ya daskare, kai wa likita cikin awa 24. Idan likitan unguwarku bai saba da dabbobi masu jan ciki ba, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da ɗakin gwaji. A maimaita bayan sati uku zuwa huɗu, domin gwaji ɗaya yana iya kuskure ƙwan tsutsa. Maganin tsutsa da nauyin giram ake auna shi, kada a yi kintace da na awaki.

10. Alamomin da ba a jira

Numfashi da baki a buɗe, ƙara kamar fito, kumfa ko yauƙi a baki: ciwon huhu ne, sanyi ne ya fi jawo shi. Dasashi ya yi ja ko wani abu kamar cuku a baki: ruɓewar baki. Ɗaga kai sama ya ƙame, karkacewa, ko kasa juyowa idan an kwantar da shi rigingine: cutar jijiya, mai yiwuwa mai yaɗuwa. Zawo mai wari ko jini, ko kumburi a tsakiyar jiki. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti a ranar.

Idon da ya yi fari-fari kamar hazo tare da dushewar fata ba ciwo ba ne, saɓa ce ke tafe cikin sati ɗaya zuwa kwana goma. Ƙara laima, ka ƙyale shi. In ta fita, buɗe ta ka tabbatar murfin ido biyu da ƙarshen wutsiya sun fito tare da ita.

11. Fitarwa

Wanda aka ƙyanƙyashe a hannu, daga wurin da ka sani, kwana 60 zuwa 90. Na daji ko wanda ba a san asalinsa ba, kwana 90 ne mafi ƙaranci, in kana da wasu macizai ka kai wata shida. Kwanakin kaɗai ba sa fitar da shi. Littafinka ya nuna ya ci aƙalla sau huɗu a jere ba amai, ya yi saɓa ɗaya cikakkiya, gwajin kashi biyu sun fito babu komai, nauyi ya tsaya ko ya ƙaru, kuma sati shida ba a ga ƙuma ba. Idan ciwo ya ɓulla a tsakiya, ko ka shigo da wani sabon maciji ɗakin, lissafi ya koma rana ta ɗaya ga duk wanda ke ciki.

Kejin dindindin ya yi kwana biyu yana aiki kafin a mayar da shi, kuma a tafi da maɓoyarsa ɗaya ba tare da an wanke ta ba don ya ji warin da ya sani. A ba shi sati guda kafin abinci. Robar killacewa a wanke ta da bilic, a shanya ta a rana, a ajiye ta da kayanta a ciki, domin ita za ka sake ɗaukowa ranar da zai yi jinya ko ranar wankin babban keji.